Bangon Tukur da Koren Malam Lado

Tukur taubashina ne, ɗan Kawu Bashir na Gazara, don haka ina da izinin faɗin duk abin da na ga dama a kansa, kuma sama da shekara arba'in ke nan ban bar izinin ya yi tsatsa ba. Ni ce Suwaiba, tela a Makarfi. Shi kuma mai fenti ne, ko da yake in ka kira shi haka sai ya ɗaure fuska ya ce mai zane. Na taɓa tambayarsa bambancin, ya yi ta bayani har na gama kafa hannun riga biyu ban kama komai ba. Shagonsa na nan ƙofa uku daga nawa.

Tun yana ɗan shekara tara aka gane da sauran aiki a kansa. Lokacin kaka ne, Kawu ya aike shi ya baza shanya a fakon bayan gida, barkono daban, tsabar masara daban, yankakkiyar kuɓewa daban, kamar yadda kowane ɗa mai hankali yake yi. Da aka ji shi shiru har rana ta take, sai aka bi sawu. Ashe ya share fakon tas, ya shimfiɗa barkonon ya yi murabba'i ja wur, ya zuba masarar a tsakiya ta yi alwatika mai kusurwa uku, sannan ya kewaye duka da siririn layin kuɓewa. Ina wurin, ina leƙe ta bayan Inna. Abin da ban manta ba shi ne Kawu ya daɗe a tsaye yana kallo, hannu a ƙugu, kafin ya tuna ya karyo tsumagiya. Ana cikin wannan kaji suka shiga suka gauraya komai. Muka yi kwana biyu muna tsince barkono daga masara, duk da haka tuwon gidan sai da ya yi wata guda yana sa mutane tari.

Da ya gama firamare aka ga gona ba za ta amfana da shi ba, sai aka kai shi Ikara wajen Oga Timoti, wani mutumin kudancin Kaduna mai rubuta allunan shaguna da yi wa manyan motoci ado. A zamanin, direba ba ya jin ya cika direba sai da zaki ko gaggafa a bayan motarsa. Tukur ya yi shekara biyu yana fama da zaki. Na ga ɗaya da idona a jikin wata motar ɗaukar rake, wallahi tunkiya ce mai ciwon haƙori, direban ma sai da ya rufe ta da buhu kafin ya shiga tasha. Oga Timoti mutum ne mai haƙuri. Ya ja shi gefe ya ce, "Tukur, hannunka ba ya son abu mai ido. Bar mini dabbobin, kai ka riƙe gefe-gefe." Gefe-gefen nan jerin ƙananan alwatika ne da murabba'ai da ake zagaye bodin mota da su, aikin da sauran masu koyo suke gudu saboda cin rai. Cikin shekara guda direbobi suka fara zuwa tun daga Kudan da Hunkuyi suna cewa su dai a haɗa su da mai gefe-gefe, zakin ko ba a yi ba babu laifi.

Bayan ya samu 'yanci ya dawo Makarfi ya buɗe shago, ya auri Mukarrama, mace mai haƙurin da ni ban ga irinsa ba. Abincin gidansu daga alluna yake fitowa, "Ana cajin waya a nan", "Akwai ƙanƙara", sunayen makarantu da lambobin gidaje. Wannan yana gama shi kafin azahar, ba ya ko waiwaye. Aikin da ya ɗauka aiki yana bayan shago, a kan falankin katako da yake tsintowa wajen kafintoci. Babu mutum a ciki, babu bishiya, babu ko rubutu. Layi ne da da'ira da kusurwoyi, ja a nan, shuɗi a can, wani ruwan ɗorawa ya ratso ta tsakiya.

In ka ga yadda yake yi sai ka rantse gini zai tayar. Zare yake tsomawa cikin bula, ya kafa ƙusa biyu, ya ja zaren ya saki, layi ya fito sak. Da'ira kuwa ƙusa ɗaya da igiya. Sannan ya zauna a kan gwangwani ya zuba wa katakon ido. Yana iya yin safiya guda cur yana shawarar inda zai ajiye ɗan jan da bai fi tafin hannu ba. Ya mayar da kwandon ƙyallayena nasa, kullum sai ya zo ya tona ya ɗauki wanda ya yi masa, ya je ya manna da yawu a jikin katakon, ya ja baya, ya ɓanɓare ya matsar. In na ce masa ya zo ya koyi ɗinki tunda ƙyalle yake so, sai ya ce ni yanka launi nake, shi zaunar da shi yake yi.

Matsalarsa ɗaya a duniya ita ce tambayar nan, "Wannan kuma mene ne?" Kowa ya leƙa sai ya yi ta. Da fari yana ƙoƙarin amsawa, ya yi ta in-ina, a yi dariya a wuce. Ni ma na yi dariyar, ba zan wanke kaina ba. Wani ya ce darduma ce ba ta ƙarasa ba, wani ya ce allon ludo ne. Mukarrama ta taɓa ɗaukar ɗaya ta yi wa akurkin kaji ƙofa, ya dawo ya gani, ya tsaya jim, ya ce aƙalla kaji ba sa tambaya.

Sai wata rana tayar motar wani malamin zane daga Zariya ta yi faci daidai bakin layinmu. Yana jiran mai faci ya hango katakan, ya shiga, ya daɗe bai fito ba. Ya ɗauki hotuna da wayarsa, ya gaya wa Tukur cewa a duniya akwai manyan masu zane da irin wannan kaɗai suke yi, kuma aikin ba ya bukatar ya zama hoton komai. Shi ke nan fa. Tukur ya ɗauki maganar nan ya rataya a wuya kamar laya. Daga ranar duk wanda ya tambaye shi sai ya ɗaga hanci ya ce, "Ba komai ba ne." Na lura dai ba don ya fi jin daɗin amsar yake ba da ita ba, sai don tana kashe dariya da wuri.

Burinsa kuwa kowa a gidanmu ya haddace shi. Bango yake so, babba, wanda mutum zai yi tafiya a gabansa. Yakan ce katako ya yi masa kaɗan, ja ba ya samun wurin miƙe ƙafa. Ya roƙi masu gidaje, ya roƙi wani mai gidan mai, kowa sai ya ce a'a, a dai shafa masa ruwan madara ko ruwan toka kamar na mutane. Har furfura ta fara fito masa bai samu ba.

Bara da damina Allah ya kawo Alhaji Ja'afaru, ciyaman na ƙungiyar manoman wani ƙauye da ke gefen Likoro. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don har yanzu ina da masu kawo mini ɗinki daga can. Suna gina siton ajiye masara, ya zo a rubuta masa allon da za a kafa a ƙofa. Da Tukur ya ji bangon da ke kallon hanya ya kai taku ashirin da biyar, babu ko taga a jikinsa, sai ya ajiye burushi ya kama roƙo. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ka yi mana ado, amma ban da mutum, ban da dabba." Ai kuwa ya faɗa hannun gwani. Ranar Tukur ya shigo shagona yana rawa, mutum ɗan shekara hamsin da ɗoriya, har ya taka mini yadin wata amarya.

Bayan girbi aka gama sito, ya fara. Mako uku yana tafiya a babur da sassafe, tsani ɗaure a baya. Na je na gani ana saura kwana biyu ya gama, da niyyar in samo abin tsokana, na dawo hannu rabbana. Wani shuɗin layi ya taso daga sama yana karyewa yana gangarowa har ƙasa. A damansa babban murabba'i kore shar, wanda ya fi ƙofar zaure girma. Daga can gefe wata doguwar alwatika ruwan ɗorawa ta miƙo, tsininta ya shiga cikin koren kamar kamu guda. Ga ƙananan jajaye a warwatse, ga baƙar da'ira guda ɗaya, ga faffaɗan layi ruwan makuba ya kwanta a ƙasa ta hagu. Ban san mene ne ba, amma na tsaya har mai babur ɗin da ya kawo ni ya fara danna hon.

Mutanen gari ma tsayawa suke yi. Tun da safe za ka ga dattawa a gaban bangon suna nuni da sanda, mata in za su ɗebo ruwa su sauke tulu su yi ta magana. Tukur yana kan tsani yana jin daɗi, yana zaton a ƙarshe ya samu masu ido. Bai san abin da suke kallo ba. Su manoma ne, kuma manomi in ya ga kore mai kusurwa huɗu a gefen shuɗin layi, ba ya bukatar a gaya masa. Shuɗin layin nan rafinsu ne. Baƙar da'irar tsohuwar rijiyar fadama ce. Daga nan kowa ya ƙirga daga rafi ya gano gonarsa, wanda bai samu daidai ba ya ɗan matsa ya ɗauki ta kusa. Kafin fenti ya bushe an gama rabon bangon kaf.

Babban koren ya faɗa hannun Malam Lado, wani gajeren dattijo manomin rake. Ruwan ɗorawar kuma na maƙwabcinsa ne Malam Iliyasu mai masara. Kwana biyu Malam Lado yana yawo da ƙirji a gaba, har surukansa ya kirawo su ga girman gonarsa. A cikin surukan ne wani ya nuna masa tsinin nan da ya shigo masa kamu guda. Ashe daidai wannan kusurwar iyayensu suka taɓa rigima a kanta, sai da dattawa suka dasa ciyawar jema a kan iyaka kafin aka samu lafiya.

Ranar Alhamis Tukur ya shigo shagona ya zauna a kan benci bai taɓa kwandon ƙyalle ba, na san ba lafiya. Ya ce Alhaji Ja'afaru ya kira shi a waya. Jibi Asabar za a zauna a gaban sito, ko dai ya gyara tsinin, ko a shafe bangon duka da farar ƙasa.

"To ka gyara mana," na ce. "Ɗan tsinin da bai wuce hannun rigar yaro ba?"

"Suwaiba, ba zai gyaru ba."

"Sai a shafe ke nan."

Ya murza hularsa. Can ya ce, "Ki raka ni. Ke kina da baki."

Tunda nake da shi bai taɓa yabon bakina ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni, na rufe shago ranar Asabar duk da ina da ɗinkin suna a gabana.

Mun isa da hantsi, mun tarar an shimfiɗa tabarmi, gari ya fito. A gindin bangon ga bokiti cike da farar ƙasa an riga an jiƙa, da burushi ɗaure a kan gora. Tukur ya kalli bokitin sau ɗaya bai sake ba. Ya miƙo mini jakarsa, ya je ya durƙusa.

"Alhaji, barkanku da hantsi. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Tukur. Ya hanya? Ya mutanen Makarfi?"

"Suna gaishe ku. Ya iyali, ya aka ji da jama'a?"

"Jama'a sai godiya. To, ga ta nan dai."

Ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Malam Lado, amsar ta fito a taƙaice, ko gajiya bai tambaye shi ba. Ni na zauna cikin mata a gefe, jakar a cinyata.

Malam Lado ya miƙe ya ce shi ba mai doguwar magana ba ne, sannan ya faro tun daga kakansa. Da ya iso kan zancen sai ya nuna Tukur da sanda. "Ciyaman, sau uku da damina ina kama yaron nan tsugune a bakin gonata, da takarda a hannu, ya rufe ido ɗaya. Wanda ba awo yake ba, me zai sa ya rufe ido ɗaya? Yau ana ce mini ado ne. Gobe in ƙasa ta rufe ni, jikokin Iliyasu su kawo alƙali nan su nuna masa bango, su ce ga shi tun zamanin kakanni a rubuce. Wa zai tsaya wa nawa jikokin?"

Na so in yi dariya, amma da na ji ƙarshen sai ta koma. Tsohon ba wauta yake ba, tsoro yake ji.

Aka juya ga Malam Iliyasu, dogon mutum mai sanyin murya. Ya ce, "Ni dai Allah ya sani ban sa shi ba. Amma yaron yana da ido." Nan wuri ya kaure, sai da Alhaji ya yi ta buga sanda a ƙasa.

"Malam Tukur," in ji Alhaji, "abin nan mai sauƙi ne. Hau tsani ka shafa kore a kan tsinin, layi ya miƙe, kowa ya tafi gona."

"Alhaji, ku gafarce ni. In na cire tsinin nan, duk bangon zai rinjaya dama. Kamar mangala ce a bayan jaki, in aka rage gefe ɗaya ai kun san abin da zai faru."

Wani daga baya ya ce, "Bulo da siminti ne fa, ina zai rinjaya?" Aka kwashe da dariya.

Na ga kunnuwan Tukur sun motsa, na ce a raina shi ke nan, zai ciro layar. Ya miƙe tsaye ya ɗaga murya. "Jama'a, wannan ba gonar kowa ba ce. Wancan ba rafi ba ne, wannan ba rijiya ba ce. Ba taswira na zana ba. Ba komai ba ne!"

Dariyar ta mutu kamar yadda ya saba, amma wannan karon ta tafi da wani abu. A kusa da ni akwai wata tsohuwa, Inna Adama, mai ɗan fegin barkono a bayan gari. Ta ɗaga hannu ta nuna wani ɗan ja can sama. "Ɗan nan, to ni fa? Wancan ɗan jan ba nawa ba ne?"

"Ba naku ba ne, Inna. Ja ne kawai."

Ta sauke hannun a hankali ta gyara mayafi. Da ina kusa da shi da na make masa ƙeya a gaban kowa. Mutanen da suka yi mako suna kallon bangon nan da murna, yanzu kallonsa suke kamar an yaudare su. Alhaji ya numfasa ya ce, "To in ba komai ba ne, me muke ɓata safiya a kai? Mu da za mu zauna da juna, ba za mu ɓata zumunci saboda ba komai ba. A shafe."

Bai rufe baki ba Malam Lado ya fizgi gorar ya tsoma a bokiti. Tsinin ya nufa, amma tsinin yana sama shi kuma ga yadda Allah ya yi shi. Gorar ta rinjaye shi, burushin ya sauka can hagu, ya ja wani farin layi a karkace a kan ruwan makubar, tsawonsa ya kai kamu uku. Tukur ya yi wani sauti da ban taɓa jin ya yi ba, ko ranar tsumagiyar Kawu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Baba Lado, don Allah ku dakata! Kun yi tambaya ba a ba ku amsa ba. Kai Tukur, me kake yi a gonarsu da ido ɗaya?"

Tukur ya sunkuyar da kai. Ni kuwa tun muna yara nake laluben jakar Tukur ba tare da sallama ba, ban ga dalilin fasawa ranar ba. Na zuge ta na zazzage a tabarma. Ga burusai, ga ƙusoshi, ga wani ƙunshi an ɗaure da ƙyallena. Na kwance, sai ga gutsattsarin kwali sun fi talatin, kowanne an shafe fuskarsa da launi guda, a bayansa kuma rubutun Tukur. Na ɗauki wani kore na karanta da ƙarfi.

"Raken Malam Lado, gefen rafi, da hantsi bayan an ɗauke ruwa."

Na je na ɗora kwalin a kan babban murabba'in. Ya ɓace a ciki, in ba ka ga yatsuna ba ba za ka san da shi ba. Na ɗauko wani. "Masarar Malam Iliyasu a shanya, kwana na uku." Na ɗora a kan alwatikar, shi ma haka. Na tona na samo ja. "Barkonon Inna Adama a kan faifai, ƙofar gida." Tsohuwar ta ce, "Ai na faɗa!" har da tafi.

"Malam Tukur, yi mana bayani," in ji Alhaji.

Ya yi, amma ƙasa yake kallo, muryar ma ba ta ɗazu ba ce. Ya ce fentin gwangwani ba shi da rai, sai an haɗa. Shi kuma ba ya iya haɗawa da ka, sai ya je inda launin yake ya tsuguna, ya dama, ya shafa a kwali, ya kanga da ganye ya rufe ido ɗaya, in bai yi ba ya sake. "Bango mai girman wannan ba kowane kore ne zai riƙe shi ba. Na duba raken Makarfi, na je har Nasarawan Doya, wani ya yi duhu wani ya yi fari-fari. Sai a gonarku na samu, Baba. Siffofin nawa ne, ba su bin iyakar kowa. Amma launin duk a garin nan na ɗebo shi."

"To me ya hana ka faɗa?" na ce.

"Gudun dariya," ya ce, ba tare da ya kalle ni ba. Maganar ta same ni, don na san rabona a cikin dariyar ba kaɗan ba ne.

Malam Lado ya jingine gorar. "Har Nasarawan Doya ka ce?"

"Har can, Baba."

"Ba su da irinsa?"

"Ko kusa."

Malam Lado ya juya ya kalli jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Takin tumaki ne," ya ce. "Shekara nawa ina gaya muku." Sannan ya karɓi kwalin daga hannuna ya kama bin bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana ɗorawa a kan duk koren da hannunsa ya kai, wanda bai kai ba ya sa a ɗora masa. Wuri bakwai ya samu. Na bakwan wani ɗan murabba'i ne da ke zaune daram a tsakiyar ruwan ɗorawa.

"Iliyasu! Ka ga rakena a tsakiyar masararka?"

"Tun ranar farko na gani," in ji Malam Iliyasu. "Ban dai kai ƙara ba."

Wannan dariyar da ta tashi har da Malam Lado a ciki. Da ya samu numfashi ya ce babu alƙalin da zai karɓi shaidar da ta raba gonar mutum ɗaya wuri bakwai, don haka shi ya janye. Alhaji ya tambaya ko akwai mai sauran magana, aka ce babu. Ya sa a shigar da bokitin ciki, ya ce bangon cikin sito ma yana son farar ƙasa.

Saura farin layin. Rana ta riga ta busar da shi, ya yi fari fat a kan makubar. Malam Lado ya tsaya a gabansa, kunya ta rufe shi. Ya ce a kawo masa ruwa da tsumma, shi ya ɓata shi zai wanke da hannunsa. Tukur ya kalli layin. Ya ja da baya, ya ƙara ja, har ya tsallaka hanya ya tsaya a gindin wata ɗorawa yana kallo. An kawo ruwan, tsohon ya matse tsumma ya ɗaga hannu, sai muka ji ihu daga tsallake.

"Baba, kar ku taɓa!"

Ya dawo da gudu yana haki. "Mako uku gefen nan yana damuna. Ya yi nauyi, na rasa abin da yake so. Na gwada ja, na gwada shuɗi a kwali, duk bai karɓa ba. Ashe fari yake nema, kuma a karkace."

Ya ce farar ƙasa ruwan farko zai wanke ta, sai an bi ta da fentin mai. Ya kwanto ƙaramin gwangwani daga babur ya buɗe, ya zaɓi burushi mai faɗi ya tsoma, ya share bakinsa a gefen gwangwanin. Duk muna jiran ya fara, sai ya juya ya miƙa wa Malam Lado da hannu biyu.

Tsohon ya ɓoye hannayensa a baya. "A'a, ɗan nan. Ni fartanya na sani. Ban iya ba."

"Kun riga kun yi, Baba. Bi kawai za ku yi."

Ya karɓa. Da hannun da ya shekara sittin yana saran rake ya ɗora burushin a saman layin ya fara jawowa a hankali, harshe a waje, gari guda yana kallo. Tukur yana gefensa riƙe da gwangwani, hawaye na bin gemunsa bai ko share ba. Na buɗe baki in tsokane shi, sai na fasa. Alfahari nake da shi, kuma a gaban matan garin na faɗa, da ƙarfi yadda zai ji.

Da Malam Lado ya kai ƙarshen layin bai mayar da burushin ba. Ya ja da baya taku uku, ya karkata kai, ya tambayi Tukur ko bai ga yana son a ƙara masa shafa ta biyu ba.